Guga Naka Ne, Rijiyar Fa Ta Wa Ce?

Gaisuwa ga makiyayin da ke ruga ya jingina rediyonsa a gindin turke, da wanda ke mashekari yana jiran faɗuwar ruwa. Gaisuwa ga fataken da ke bin hanyar Maraɗi zuwa Jibiya, da na Ƙonni da Illela, da na Matamaye da Kongolam, da na Dungas da Maigatari, da na Gaya da Kamba. Direbobi, dillalai, ƴan dako, masu canji, da iyayenmu mata masu tallan nono da man shanu, sannunku da ƙoƙari. Allah ya sa a ci kasuwa lafiya.

Maganarmu ta yau wani dattijo ne ya jawo ta. Ya aiko mana da saƙon murya, ya ce shi makiyayi ne, zai fitar da bijimai biyu kasuwa saboda auren ɗiyarsa da sayen hatsi. Ɗansa ya ce masa kada ya karɓi tsabar kuɗi, a tura masa a waya, tunda hanya ba ta da kyau. Sai dattijon ya ce: "Malam, kuɗin nan da ba na gani, ba na taɓawa, a ina suke kwana? Ranar da na nema na rasa, wa zan kama?"

Baba, Allah ya ƙara maka lafiya. Tambayarka ta kowa ce, shi ya sa muka ware mata filin yau gaba ɗaya. Ka gyara zama, ku ma sauran jama'a ku matso kusa.

Bari mu fara da faɗin gaskiya a kan wannan aba, da mu nan gefen Nijar muke kira salula, ƴan'uwanmu na Najeriya su ce waya. Ta yi mana rana. Kafin shigowarta, wajen farkon shekarun 2000, in kana son sanin yadda shanu suke tashi a Maigatari sai ka jira wanda ya dawo daga can, shi ma ya faɗa maka abin da ya ga dama. In ɗanka ya tafi da garke kudu, wata uku ba ka san halin da yake ciki ba. In kaya suka maƙale a hannun duwan ko kwastan, mai kaya yana gida yana barci. Yau kuwa da kira ɗaya ka ji farashi, ka ji inda ciyawa ta fito, ka ji hanyar da ba a bi. Wanda bai iya rubutu ba ma ya danna ya yi magana a WhatsApp, muryarsa ta isa Legas ko Agadas kafin ya sauke hannu. Duk wanda ya taɓa ɗaure kuɗin shanu a ƙugu ya bi daji da su gabansa na faɗuwa, ya san darajar tura kuɗi ta waya. Saboda haka kada wani ya ce na zo zagin waya. Ni ma tawa tana aljihu.

To amma ka taɓa tambayar kanka yadda muryarka take tafiya? Wayar da ke hannunka ba ta iya kai magana ko'ina da ƙarfin kanta. Dogon ƙarfen nan da kake gani a bakin gari, mai jar fitila a ka, shi take yi wa magana. Shi kuma ya miƙa wa na gaba, har a kai ga wanda kake nema. Ƙarfen nan na kamfani ne. Kamfanin kuma da lasin gwamnati yake aiki: a Najeriya hukumar NCC ce ke riƙe da linzaminsa, a Nijar kuma ARCEP. In hukuma ta ce a kashe, kamfani ba shi da ta cewa, sai ya kashe.

Kai makiyayi za ka fi kowa gane wannan. Waya guga ce. Ka saya da kuɗinka, igiyar ma taka ce, ba mai ƙwace maka. Amma rijiyar da kake jefa gugan a ciki ta wani ce. Ranar da mai rijiya ya ɗora murfi ya sa kwaɗo, gugan nan naka, komai kyansa, fata ce kawai a hannunka.

Mun ga wannan da idonmu, ba labari aka ba mu ba. A ranar 3 ga Satumba 2021, bisa roƙon gwamnatin jihar Zamfara, hukumar NCC ta umarci kamfanonin waya su rufe sabis a jihar baki ɗaya. Da farko mako biyu aka ce. Ba a jima ba abin ya kai ga ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina, har da Jibiya da Batsari da Safana, sannan ƙananan hukumomi 14 na jihar Sakkwato, da wasu sassan Kaduna. A lokaci guda aka rufe kasuwannin mako, aka hana ɗaukar shanu a mota, aka hana sayar da mai a jarka. Gusau ta samu sabis ɗinta a farkon Oktoba, amma wurare da yawa sai da suka kwashe kusan wata uku a rufe, wasu ma fiye.

Dalilin da hukuma ta bayar ba na wasa ba ne, kuma adalci ne mu faɗe shi. Ƴan bindiga da waya suke samun labarin motsin sojoji daga masu tsegunta musu, da waya suke cinikin kuɗin fansa. Wanda aka kashe masa ɗan'uwa ko aka kore masa garke, in aka ce masa rufe waya zai kawo sauƙi, zai ce a rufe. Mutane da yawa sun goyi bayan matakin da zuciya ɗaya.

Sai dai murfin rijiya bai san mai laifi ba, bai san marar laifi ba. Ƙauyen da aka kawo wa hari da dare ya rasa yadda zai kira ɗauki. Mai naƙuda ta rasa yadda za a kira mata mota. Mai POS ya rufe rumfarsa, mai sayar da katin waya da mai cajin waya suka koma zaman kashe wando. Ɗan kasuwar da kuɗinsa ke banki sai ya hau mota ya bar jiharsa kafin ya iya tura ko sisi. Ku mutanen bakin iyaka kun tuna yadda layin Nijar ya yi tsada a idon jama'a a kwanakin, yadda ake hawa tudu ana ɗaga waya sama ana neman rezon wannan gefe. An kuma yi ta ba da labarin cewa su ma ƴan bindigar hanyar da suka bi ke nan. Ka ga ke nan mai ƙarfi da kuɗi ya samu wata rijiyar, talaka ne ya kwana da ƙishirwa.

Kada wani ya ɗauka halin ƙasa ɗaya nake faɗa. A 2013, lokacin dokar ta-ɓaci, an rufe waya a Borno da Yobe da Adamawa. Mu nan Nijar, bayan zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa a watan Fabrairun 2021, an katse intanet na waya wajen kwana goma. A Chadi an toshe shafukan sada zumunta daga Maris 2018 har Yulin 2019, fiye da shekara guda. A Kamaru, a 2017, yankuna biyu masu magana da Ingilishi sun yi wajen wata uku babu intanet. Najeriya ta dakatar da Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022. Kowace gwamnati da dalilin da ta kawo, wani na tsaro, wani na siyasa. Abin da ya haɗa su shi ne kowacce ta san inda murfin yake, kuma tana iya ɗora shi cikin dare ɗaya. A da, in sarki zai hana cin kasuwa sai ya tura dogarai su tsaya a kowace ƙofa. Yanzu wasiƙa ɗaya zuwa ofishin kamfani ta isa.

Akwai kuma wani murfin da ake ɗorawa mutum ɗaya-ɗaya. A ƙarshen 2020 gwamnatin Najeriya ta ce kowane layin waya sai an haɗa shi da lambar ɗan ƙasa, wato NIN, mai lamba goma sha ɗaya. A watan Afrilun 2022 aka hana miliyoyin layukan da ba a haɗa ba yin kira. A Nijar ma ba a ba ka layi sai da takardar shaida. Manufar a fili take: a san mai kowane layi, don mai laifi ya rasa wurin ɓuya. Ba na jayayya da wannan. Tambayata ita ce, wa ya fi shan wahalar cika sharaɗin? Ma'aikacin da ofishin rajista ke bayan gidansa, ko makiyayin da zai bar garke kwana biyu, ya biya kuɗin mota, ya je ya tarar da layi, a ce masa na'ura ba ta aiki ya dawo jibi? Da yawa daga cikinmu sun bi gajeriyar hanya, sun sayi layin da wani ya riga ya yi wa rajista da sunansa. Ɗan'uwana, in haka naka yake, ka sani aro kake riƙe da shi, kuma kayan aro ba ya rufe katara. Ranar da wayar ta ɓace ba za a sake ba ka layin ba, tunda a takarda ba naka ba ne. In akwai kuɗi a jikinsa, sun shiga rigimar da ba ka da shaida a cikinta. In kuma mai sunan ya aikata wani abu, kai za a tarar da layin a hannu.

Sannan ku tuna farkon 2023. Babban Bankin Najeriya ya sauya takardun naira 200 da 500 da 1,000, ya sa wa tsofaffin wa'adi, sababbin kuma ba su wadata ba. Aka wayi gari kuɗi sun ɓace a kasuwa. Mai saye ya zo kara ya ce sai dai tiransifa. Makiyayi ba shi da asusu, wanda yake da shi kuma sabis ya ƙi tafiya, a tura kuɗi su maƙale a hanya, ba su je ba, ba su dawo ba. Mutane nawa suka karya farashin dabbarsu don kawai mai saye yana da tsaba a hannu? Masu POS suka riƙa yankan kaso mai nauyi kafin su ba ka kuɗinka na halak. A wasu kasuwannin iyaka sefa ce ta rufa asiri. Sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a watan Maris na shekarar cewa tsofaffin takardu su ci gaba da aiki, sannan aka fara numfashi. Darasin kwanakin nan biyu ne, kuma suna karo da juna. Wanda ba shi da asusu ya sha wuya. Wanda ya zuba komai nasa a asusu shi ma ya sha wuya.

Yanzu mu juya ga kamfanoni, domin ba gwamnati kaɗai ke da hannu a bakin rijiyar nan ba. Duba wayarka. In Tecno ce ko Itel ko Infinix, duka ukun na kamfani ɗaya ne da ke ƙasar Sin. Manhajar da ke tafiyar da babbar waya, Android, ta Google ce a Amurka. WhatsApp da Facebook na kamfanin Meta ne, shi ma a Amurka. Layin da ke ciki, in MTN ne asalinsa Afirka ta Kudu, in Airtel ne Indiya, in Moov ne Maroko. Ba laifi ba ne mutum ya zo daga nesa ya yi kasuwanci, mu ma fatake ne, mun san haka. Amma ɗan kasuwa ya kamata ya san da wa yake ciniki.

A 2014 kamfanin Facebook ya sayi WhatsApp a kan kuɗi wajen dala biliyan 19. Kai da ka san ciniki, tsaya ka yi tunani. Mutum ya zuba irin wannan dukiya a kan abin da yake raba wa jama'a kyauta? Banza ba ta kai zomo kasuwa. Ribar irin waɗannan kamfanoni daga talla take zuwa, kuma talla tana tsada ne gwargwadon yawan mutanen da ke zaune a wurin da kuma abin da aka sani game da su: inda suke, da wa suke hulɗa, me suke kallo, ƙarfe nawa suke kallonsa. Kamar mai fili ne ya ce kowa ya zo ya kafa rumfa ba haraji, shi kuma yana zaune a ƙofa yana rubuta mai shiga da mai fita, yana karɓar kuɗi a hannun masu son tallata hajarsu ga taron.

Su ma rijiyarsu takan ƙafe. A ranar 4 ga Oktoba 2021, daidai lokacin da ƙauyukan Zamfara ke cikin duhu, WhatsApp da Facebook sun tsaya cik a duniya baki ɗaya wajen awa shida, saboda kuskuren da aka yi a cikin kamfanin. A watan Maris 2024 wayoyin intanet da aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, bankuna da masu tura kuɗi suka shiga tangarɗa na kwanaki. Dubi ikon Allah: abu ya tsinke a ƙasan teku, mai sayar da raguna a Illela, wanda bai taɓa ganin teku ba, ya kasa karɓar kuɗinsa.

Kamfani kuma lissafi yake yi. Inda jama'a suka taru nan yake kafa ƙarfe, domin nan ne kuɗin man janareta da na maigadi za su fito. Burtali da mashaya ba sa cikin lissafinsa. Shi ya sa kake da sabis a tasha, ka rasa shi a inda kake kiwo, inda ka fi bukatarsa. Mu na bakin iyaka muna da ƙarin namu ciwon: kana zaune a gidanka wayarka ta kama ƙarfen tsallake, a caje ka kamar wanda ya yi tafiya ƙasar waje. Sai kuma masu ba da rance ta waya, waɗanda ke cewa danna nan ka samu kuɗi yanzu-yanzu. Kana dannawa ka ba su izinin kwashe lambobin duk mutanen da ke wayarka, ranar da ka makara da biya su aika wa surukinka da limaminku saƙon cin mutunci. Kowa ya hau motar kwaɗayi, kun dai san tashar da take sauke shi.

To, tsakanin gwamnati mai murfi da kamfani mai rijiya, kai mai guga me ya rage a hannunka? A nan ne maganar karatu ta shigo, kuma a nan nake so ku ba ni kunnuwanku duka biyu.

Je ka rumfar mai POS ranar kasuwa ka tsaya ka kalla. Za ka ga dattijo mai shanu ɗari ya miƙa katinsa ga yaron da bai sani ba, ya faɗi lambar sirrinsa da ƙarfi kowa na ji, domin ba ya iya dannawa da kansa. Za ka ga an nuna wa mutum saƙo a waya an ce ga alat ya shigo, ya kwance saniya ya bayar, alhali saƙon ƙirƙirarsa aka yi. Za ka ga an kira uwa mai tallan nono an ce daga banki ne, za a rufe mata asusu in ba ta karanto lambobin da aka turo mata ba, ta ba ɗan maƙwabta ya karanto, kafin la'asar ajiyarta ta shekara ta tafi. Waɗannan mutane ba wawaye ba ne. Mutumin da ke gane saniyarsa cikin dubu, ya san ciwon dabba daga tafiyarta, ya ƙirga ribar buhu hamsin a ka, ba a kiransa marar wayo. Abin da ya faru shi ne an mayar da ciniki cikin rubutu, rubutun kuma da Turanci ko Faransanci, shi kuwa ba a koya masa ba. Rashin sani ya fi dare duhu.

Najeriya ta kafa hukumar ilimin makiyaya tun 1989, hedikwatarta tana Kaduna. A Nijar ma an daɗe da makarantun yankunan makiyaya. Amma ku kuka fi ni sanin yadda da yawansu suke: aji babu rufi, malami ɗaya ko babu, yara su zo wata biyu a tashi kiwo. Nakan ji manya suna alkawarin raba wa ƴan makaranta kwamfuta. Ra'ayina, kuma ra'ayina ne ni kaɗai, shi ne a fara da malamin da zai zauna, a biya shi albashinsa a kan lokaci, a tsara lokacin karatu ya dace da lokacin kiwo. Kwamfuta a hannun yaron da bai iya karatu ba, a ajin da babu wuta, riba ce ga wanda ya sayar da ita kawai. Yaron da ya iya karatu da lissafi kuwa, ko ƴar ƙaramar waya mai maɓalli ka ba shi, zai tsare maka dukiya da ita.

Mu ma iyaye akwai namu laifin. Mukan ce in yaro ya tafi lakwal wa zai bi shanu? Tambaya ce mai nauyi, ban raina ta ba. Amma ka auna: a gida mai yara biyar, a ce ko ɗaya babu wanda zai iya karanta saƙon banki, takardar asibitin dabbobi, ko rasidin duwan? Kuɗin da ake cutarka a shekara saboda wannan, in ka tara su, sun fi ladan ɗan kiwo. Kuma kada a tsaya kan maza. Kuɗin nono da man shanu da adashi a hannun mata suke, su ne kuma ƴan damfara suka fi nema. Ɗiyar da ta iya karatu garkuwar uwarta ce. Wanda ya yi karatun allo ma kada ya ce shi ya makara. Wanda ya iya haɗa baƙi da wasali, lambobi goma ba za su gagare shi ba. Kai babba, ba digiri ake nema gare ka ba. Ka iya gane sunanka a rubuce, ka iya lambobi daga sifili zuwa tara, ka bambance dubu goma da dubu ɗari, ka gane kalmar da ke nufin kuɗi sun shigo da wadda ke nufin sun fita. Wata ɗaya na zaman dare da ɗanka ko jikanka ya isa.

Ga hukumomin ƙasashenmu kuwa, muna da roƙo, cikin ladabi. Ba mu ce kada a ɗauki matakin tsaro ba, mu ne muka fi kowa bukatar tsaron. Amma in za a rufe, a faɗi iyakar wurin da iyakar kwanakin, a kuma tsaya a kan abin da aka faɗa. A tanadi hanyar da ƙauye zai kira ɗauki ko da an rufe sauran kira. In an buɗe, a fito a gaya wa jama'a abin da aka samu da abin da aka rasa, domin su ne suka biya kuɗin matakin da cinikinsu da lafiyarsu. In za a ɗora sharaɗin rajista, a kawo na'urar kara da tike ranar kasuwa, yadda ake kawo allurar dabbobi, maimakon a jira makiyayi a birni. A kuma tilasta wa kamfanonin waya da bankuna su riƙa aiko da saƙonsu da Hausa da Fulatanci, har da murya ga wanda ba ya karatu. Wanda ya iya turo maka tallar waƙa da harshenka ba zai kasa gaya maka da harshenka cewa an cire maka kuɗi ba. Waɗannan maganganu ku kai su ga arɗo, ga shugaban kasuwa, ga ƙungiyoyinku, ga duk wanda ya zo neman goyon bayanku. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, in bai faɗa ba ba mai hawa ya gyara.

Yanzu Baba, bari in dawo kan bijimanka. Ɗanka yana da gaskiya, hanya ba ta da kyau, ɗaukar kuɗin bijimai biyu a jiki kasada ce. Kai ma kana da gaskiya da ka tambayi inda kuɗin suke kwana. Suna kwana ne a littafin banki ko na kamfanin da ka buɗe asusu a wurinsa, wayar kawai tana nuna maka abin da aka rubuta. Saboda haka wanda za ka kama shi ne wanda ya rubuta sunanka, in dai sunanka ne aka rubuta. Asusun da layin duka su kasance da sunanka da hoton fuskarka. Kada ka yarda a tura kuɗinka asusun dillali ko na wani yaro a ce za a ba ka daga baya.

Kada ka saki igiyar dabba don an nuna maka saƙo a wayar mai saye. A duba a taka wayar, a ga abin da ke cikin asusunka ya ƙaru, ɗanka ya duba ko wanda ka amince da shi tun ba yau ba. In sabis ya ƙi, a jira. Mai saye na gaskiya ba ya gudun jira. A yi cinikin gaban shaidu kamar yadda iyayenmu suke yi, a kuma rubuta a takarda, da tsohuwar zuma ake magani.

Lambar sirrinka kamar makullin rumbunka ce. Banki ba ya kira ya tambaye ta, kamfanin waya ba ya tambaya, jami'in gwamnati ba ya tambaya. Duk wanda ya kira ya nema, ko ya ce karanto lambar da aka turo maka yanzu, ɓarawo ne, kashe wayarka.

Kada kuma ka zuba duka a wuri ɗaya. Ka karɓi wani kaso a hannu na bukatar kusa, ka mayar da wani hatsi tun yana da sauƙi, sauran ya zauna a asusu. Lambobin mutanen da ba ka iya rasawa, na ɗanka da ke kiwo, na dillalinka, na direbanka, a rubuta su a takarda a ajiye a gida, biyu ko uku kuma ka haddace su. Ku da ke zirga-zirga tsakanin ƙasashen biyu ku riƙe layin kowane gefe, kowanne da rajistarsa ta gaskiya. Kuma ku yi magana da iyalinku tun yanzu: in aka wayi gari babu sabis, a wace kasuwa za a haɗu, ta hannun wa za a aika saƙo. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Makiyayin kirki ba ya dogara da rijiya ɗaya. Ya san ta gabas, ya san ta yamma, ya san tafkin da ke riƙe ruwa har bazara, kuma yana koya wa ɗansa hanyar kowacce. Haka za mu yi da wannan sabuwar rijiyar: mu sha ruwanta, mu san mai ita, mu koya wa ƴaƴanmu karanta abin da aka rubuta a bakinta.

Baba, Allah ya sa a sayar da daraja, ya sanya alheri a auren, ya kai hatsin gida lafiya. Ku kuma sauran masu saurare, duk wanda wani abu irin wannan ya taɓa samu, a kara ko a tasha ko a rumfar canji, ya aiko mana da muryarsa ba sai ya faɗi suna ba, don wani ya ɗauki darasi. Allah ya tsare mana dukiyoyinmu, ya ba ƙasashenmu zaman lafiya, ya kawo damina mai albarka. Sai mun haɗu a shiri na gaba in Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum.